Ɗan Aike Da Tafinta: Da Wace Na'ura Za Mu Ji Kassu Zurmi A Gida?

A hutun ƙaramar Sallar da ta wuce na je Zurmi gaishe da babban wanmu, wanda ya shekara talatin da biyar yana koyarwa kafin ya yi ritaya a matsayin hedimasta. Na tarar da wata 'yar gardama ta kaure tsakaninsa da babban ɗansa da ke aiki a Abuja. Yaron, Allah Ya yi masa albarka, ya ga wata na'ura a intanet wadda ke janyo waƙoƙi daga ko'ina a duniya ta zuba su cikin lasifikar gida, kuma ya ƙudurta sai ya saya wa mahaifinsa, ko da kuwa kuɗinta ya tasam ma dala 400. Shi kuwa tsohon cewa yake yi ba ya da wata buƙata da waƙoƙin duniya. Da na zauna sai ya dube ni ya ce, "Dakta, kai ka raba mu. Ni dai in ji Kassu yadda nis san shi, shi ke nan." Yaron ya ce, "Baffa, don Allah ka fahimtar da shi, zamanin kaset ya wuce."

Haka aka naɗa ni alƙali a kan abin da ban karanta ba, domin a garinmu duk wanda aka kira Dakta to ana sa ran ya san maganin zazzaɓi da gyaran rediyo baki ɗaya. Amma da yake sana'ata ta ƙunshi sauraron maganar mutane a kaset da rubuta ta harafi bayan harafi, na daɗe ina fama da waɗannan na'urori, kuma na ga ya dace in baje wa mai karatu abin da na gaya musu, saboda na san gidaje da yawa daga Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi suna da irin wannan kwali na kaset a ƙarƙashin gado, da irin wannan ɗa mai kyakkyawar niyya.

Da farko dai ya kamata a san cewa waƙar da ke cikin waya ko kwamfuta ba sauti ba ce, lambobi ne. A faifan CD, wanda ya shigo kasuwa a 1982, ana auna sautin sau 44,100 a kowace daƙiƙa, a adana kowane awo a matsayin lamba. Kafin waɗannan lambobi su zama abin da kunne zai ji, sai sun bi ta hannun ma'aikata uku, kamar yadda wasiƙa ke bi a fada. Akwai ɗan aike wanda ke ɗauko wasiƙar ya kawo ta a rufe, wato na'urar da ke janyo waƙar daga intanet ko daga filashi. Akwai tafinta wanda ke buɗe ta ya mayar da rubutun magana, wato ɗan ƙaramin sashen da ke juya lambobi zuwa sauti, wanda a jikin kwali za ka ga an rubuta DAC. Sannan akwai sanƙira mai ɗaga murya jama'a su ji, wato amfilifaya da lasifikoki. Na'urar da ɗan wana ya gani ɗan aike ce zalla, ba ta da tafinta a cikinta. Hikimar masu ƙera irinta ita ce, idan kana da tafinta a gida, ba ka da dalilin biyan kuɗin wani.

To, a nan ne aiki na farko yake, kuma ba ya cin ko kwabo: a juya amfilifayar gida a dubi bayanta. Idan ka ga wata 'yar kafa mai murabba'i da aka rubuta Optical a kanta, ko wata mai kewaye da aka rubuta Coaxial ko Digital In, to akwai tafinta a ciki. Mafi yawan manyan amfilifayoyin kallon fim da ma'aikata suka yi ta saye a shekarun 2000, lokacin da DVD ke tashe, suna da su. Ta wana ma irinsu ce, kuma shekara da shekaru kafar na nan ba wanda ya taɓa cire mata marfi. Idan kuwa taka tsohuwar ajiya ce ta shekarun 1970 ko 1980, mai kafofi ja da fari kawai, to kada ka soma sayen ɗan aike marar tafinta, domin za ka haɗa waya ka ji shiru, ka yi ta zagin mai kanti a banza.

Abu na biyu shi ne wanda ya ba ni dariya da na fara bincike. Hankali zai ba ka cewa na'urar da aka rage wa wani sashe ita za ta fi araha, amma a kasuwa abin akasin haka yake. Tafinta na yau da kullum ɗan guntun abu ne mai arha, don haka ƙananan na'urori kusan duk suna zuwa da shi. Waɗanda aka cire wa shi da gangan an yi su ne domin masu tsananin son sauti na Turai da Amurka, mutanen da za su iya kwana suna musu a kan waya guda, kuma farashinsu na nuna haka. Wadda yaron ya gani, iFi Zen Stream, ta fito a 2021 a kan dala 399. A ɗaya ɓangaren kuma akwai WiiM Mini da ba ta kai dala 100 ba, tana da nata tafintan, amma tana da kafar wayar haske da za ka bi ka tsallake shi ka miƙa lambobin kai tsaye ga amfilifaya. Ke nan tambayar da ta dace ba ita ce ko akwai tafinta a ciki ba. Tambayar ita ce ko akwai ƙofar da lambobin za su fita ba tare da an taɓa su ba. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, har dala ta haura naira 1,500 a 2024, bambancin dala 300 ya zama kuɗin buhunan gero masu yawa, kuma ban ga kunnen da zai ji wannan bambanci a kaset ɗin da ya girmi mai sayen ba.

Sai dai duk wannan lissafi na mutumin Abuja ne ko Kaduna. Masu ƙera waɗannan na'urori sun ɗauka cewa intanet kamar iska take, kullum akwai ta. Mu kuwa ba mu manta da watan Satumbar 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi makonni mutum ba ya iya ko gaishe da mahaifiyarsa, balle ya janyo waƙa. Ko a kwanakin lafiya, sabis a Zurmi sai ka nemi inda yake, kuma data ba kyauta ba ce: awa guda ta sauti mai ingancin CD ta haura megabait 600, alhali irin MP3 ɗin da aka saba da shi, mai 128, bai kai megabait 60 ba. Akwai kuma wani darasi daga waje. Kamfanin Google ya fitar da Chromecast Audio a 2015 a kan dala 35, mutane suka yi ta yabonta, sannan ya daina ƙera ta a 2019. A watan Maris na 2025 kuwa sai waɗanda ke hannun jama'a suka tsaya cak a duk duniya na tsawon kwanaki, saboda wata takardar shaida da ke cikinsu ta ƙare aiki, har sai da kamfanin ya aiko da gyara ta intanet. Ɗan aiken da sai ya nemi izini daga Amurka kafin ya tsallaka tsakar gidanka, ina ganin akwai sake a cikinsa.

Saboda haka sharaɗina na farko ga duk mai zaune a wannan yanki shi ne na'urar ta iya karanta filashi da kanta, ba tare da intanet ba. WiiM Mini, duk da arharta, ba ta da wurin sa filashi, sai an bi ta waya ko wata kwamfuta a gidan. Abin da na ga ya cika wannan sharaɗi da kuɗi kaɗan shi ne 'yar ƙaramar kwamfutar nan mai girman tafin hannu, Raspberry Pi, wadda samfurinta na huɗu ya fito a 2019 a kan dala 35. Ana ɗora mata wani ɗan allo mai kafar wayar haske, irin su HiFiBerry Digi, a sa mata manhaja ta kyauta kamar Volumio ko moOde, sai ta zama ɗan aike marar tafinta na gaskiya. Tana karanta filashi, tana iya kafa nata ɗan sabis na cikin gida yadda za ka zaɓi waƙa daga wayarka ko da babu layi a gari, ranar da intanet ta samu kuma ta kamo maka gidajen rediyo. Ba zan ɓoye aibinta ba: ba a sayenta a haɗe, sai an sami yaro mai hannu ya yi zaman yini guda a kanta, kuma idan wuta na yawan ɗaukewa tana cikin aiki, memorinta na iya lalacewa. Maganin wannan shi ne kada a haɗa ta da wutar gari ko janareto kai tsaye. Bolt 5 take ci, ba ta kai ƙwan fitila ɗaya shan wuta ba, don haka batirin cajin waya mai kyau ko ɗan solar gida ya ishe ta. Na kuma fi son wayar haske a kan ta tagulla, domin haske take ɗauka ba lantarki ba, saboda haka gurnanin nan da janareto ke cusawa cikin lasifika ba ya samun hanyar bi ta cikinta.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wanda kuma shi ne ainihin dalilin wannan rubutu. Da yaron ya buɗe mana manhajojin waƙa a wayarsa, irin su Boomplay da aka fara a Nijeriya a 2015 da Spotify da ta iso a 2021, mun sami mawaƙan zamani ba iyaka. Da muka nemi Kassu Zurmi, makaɗin 'yan tauri da garinmu ke tunƙaho da shi, da Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, abin da muka fi samu a intanet kwafe-kwafe ne da masu sha'awa suka ɗora, Allah Ya saka musu, amma da yawansu sun sha wuya a hanya. An ɗauko su daga kaset ɗin da shi ma daga wani kaset aka kwafe shi, wanda watakila daga bakin rediyo aka naɗe shi. Daga nan masu tura waƙa a kasuwa suka matse su domin ɗaruruwa su shiga memori guda, wani ya sake matsewa, wani ma ya ɗora tallar shagonsa a kan amshi. Kwafar fayil ba ta rage komai, amma kowace matsa tana zubar da wani abu da ba ya dawowa, kuma babu na'urar da za ta dawo da shi ko ta dala dubu ce.

Abin da ke zubewa kuwa shi ne harshen kansa. Sautukan s da sh da ts suna zaune ne a can saman zangon da kunne ke ji, su ne na farkon ɓacewa idan kan rikoda ya yi datti ko an matse fayil fiye da kima, sai sara da tsara su zama abu guda. Haka ɗan fashewar da ke raba ƙafa da kafa. A karin harshenmu na Zamfara da Sakkwato akwai ƙarin wata matsala: muna cewa ya zo idan labari muke bayarwa, amma mu ce shi yaz zo idan muna ware mutum daga cikin jama'a, kuma wannan ɗan nannagen baƙi shi ne ke nuna wanda makaɗi ke ɗaukakawa a kan sauran. Na sha duba kundayen ɗalibai na ga an rubuta baitin makaɗin fada ta yadda ma'anar ta juye, zuga ta koma labari, kuma idan na nemi abin da ɗalibin ya saurara sai in tarar ba laifin kunnensa ba ne. Aikin da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da ire-irensa suka yi na tattara matanin waƙoƙin baka ya tsare mana kalmomi da yawa a takarda, amma takarda ba ta ɗaukar amon kotso, ba ta kuma nuna inda Narambaɗa ko Musa Ɗanƙwairo ya ja wasali ya bar 'yan amshi suna jira.

Shi ya sa na gaya wa ɗan wana cewa dukiyar da yake nema a intanet tana ƙarƙashin gadon mahaifinsa. Mun ƙirga kaset 74 a kwalin, wasu tun yana ƙaramin malami ya naɗe su da hannunsa. Shawarar da na yanke ita ce a kashe kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin a kan ɗan aike, ragowar kuma a nemi rikoda mai lafiya, a goge kanta, a sauya mata bel, a juye kowane kaset zuwa kwamfuta sau ɗaya tak ba tare da matsewa ba, a matsayin WAV ko FLAC. Filashi mai gigabait 128 zai ɗauki kusan awa 200 na irin wannan sauti, wato kwalin gaba ɗaya har da saura. A yi kwafi uku, ɗaya a Zurmi, ɗaya a Abuja, ɗaya a wurina, domin zafin bazara da ƙurar hunturu ba su bar kaset ba, kuma halin da yankinmu ke ciki ya koya mana cewa mutum na iya barin gidansa da dare ba tare da ya ɗauki kwali ba.

Da na koma bayan wata biyu na tarar an haɗa komai, 'yar na'urar na kan kanta an lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura. An juye kaset 31. Biyu sun tsinke a cikin rikoda, ɗaya an liƙe shi, ɗayan kuwa ya tafi. Bayan sallar isha'i wana ya sa aka kunna Kassu, ya jingina da bango ya rufe ido. Can tsakiyar waƙar sai ya ɗaga hannu a tsayar, ya ce in ɗauko takardar da na taɓa rubutawa a kan wannan waƙa shekarun baya. Ya sa yatsa a kan wani layi ya ce, "Dakta, wanga ba sunan mutum ba na, sunan gari na, nan kusa ga hanyar Ƙaura. Maido baya ka jiya." Aka mayar baya har sau uku, ni kuma na nemi biro.