Sabuwar Riga a Tsohuwar Kujerar Kombi

Duk wanda ya tashi raya tsohuwar Kombi, inji da fenti ne ke cinye masa kuɗi da hankali. Kujeru kan zo a ƙarshe, bayan aljihu ya yi sanyi, haƙuri kuma ya kusa ƙarewa. A lokacin ne zai yi odar sababbin rigunan kujera, su iso a naɗe cikin kwali, shi kuwa ya ɗauka aikin wuni guda ne, a tuɓe tsohuwa a zura sabuwa. Kafin magariba sai ga kujera ta fito da tumbi a gefe ɗaya, ɗinki ya karkace, kusurwa ta yi laƙwas. Nan take kamfanin da ya ɗinka rigar zai sha zagi, alhali galibi ba laifinsa ba ne.

Motar da ake magana a kanta ita ce bas ɗin Volkswagen mai inji a baya. Wani dillalin motoci ɗan ƙasar Holan, Ben Pon, shi ya fara zana siffarta a littafinsa na aljihu a 1947, aka soma ƙera ta a Wolfsburg ta Jamus a watan Maris na 1950, daga baya aikin ya koma Hanover a 1956. Zubin farko, mai gilashin gaba rabe biyu, ya kai 1967 a Jamus. Na biyu, mai gilashi guda mai lanƙwasa, ya kai 1979. Birazil ce ta riƙe wuta har zuwa Disamban 2013, lokacin da dokar sanya jakar iska da birkin zamani ta tilasta rufe layin. Mu ma nan Nijeriya ba baƙuwa ba ce. Da ita danfon Legas ya fara, kuma Volkswagen ya buɗe masana'antar haɗa motoci a Ojo a 1975.

Yawan masu son motar a Turai da Amurka ya sa wasu kamfanoni suka mai da ɗinkin kayan cikinta sana'a, irin su TMI a jihar Kalifoniya da Newton Commercial a yankin Suffolk na Ingila. Abin da suke yi shi ne su samo kujera ta asali, su warware rigarta, su fitar da ma'auni, su nemo leda mai zane da launi irin na da, su riƙa ɗinkawa da yawa. To, a nan gizo ke saƙa. Mai kushin na unguwa tela ne: kujerar da ka kai masa ita zai auna, in ta lotsa ya ɗinka daidai lotsawarta. Rigar kamfani kuwa ɗinkakkiya ce, an yanka ta ne a kan jikin kujerar kamar yadda ta fito daga masana'anta shekara hamsin ko sittin da suka wuce. Ba ta san kujerarka ta tsufa ba. Saboda haka yawancin aikin sanya ta a ƙarƙashinta yake, wato mai da ƙarfe da sifirin da shimfiɗa zuwa siffarsu ta fari.

Tun kafin a biya kuɗi akwai tambayar da ya kamata a amsa: kujerun da ke cikin motar nata ne kuwa? Shekarar da ke rubuce a takardun mota ba ta isa hujja ba. A wancan zamanin Volkswagen kan fara sabuwar shekarar samfuri ne a watan Agusta, don haka motar da aka ƙera a Oktoban 1971 'yar 1972 ce a lissafinsu. A 'yar Jamus, daga samfurin 1965 lamba ta uku a lambar shasi ita ke nuna shekarar. Akwai kuma wani ɗan farantin ƙarfe, galibi a bayan kujerar gaba, mai ɗauke da lambobin fenti da na kayan ciki, wanda masu harkar ke amfani da shi su gano launin asali. Amma ko an san shekara, sai an dubi kujerar kanta. Wasu motocin benci ne a gaba mai bango a bayansa, wasu kujeru biyu ne da hanyar wucewa baya a tsakani. Kayan cikin 'yar Birazil ba lallai su yi daidai da na 'yar Jamus ba. Motar da ta yi haya kuwa, sau da yawa an daɗe da cire kujerunta na baya an walda bencin ƙarfe da katako don a ƙara fasinja, na gaba kuma an ɗauko daga wata mota daban. Irin wannan ba rigar kamfani take buƙata ba tukuna, kujeru take buƙata. In ba a same su ba, mai kushin ya fi kwalin da zai taso daga Ingila amfani nesa ba kusa ba. A auna faɗi da tsawo, a ɗauki hoto ta ko'ina, a tura wa mai sayarwa kafin a aika kuɗi.

Tuɓe tsohuwar riga ba a yin sa da reza cikin gaggawa. Ita ce kaɗai shaidar yadda aka ɗaura ta tun farko, don haka a ɗauki hoton kowane mataki. A ƙasan firam ɗin kujerun Volkswagen na wancan zamani akwai 'yan haƙoran ƙarfe masu tsini, waɗanda ake soka gefen riga a kansu sannan a lanƙwasa. A ɗaga su da sukundireba a hankali, iyakar abin da zai saki leda, domin ƙarfen da ya tsufa in aka lanƙwasa shi gaba da baya sau biyu ko uku karyewa yake yi. Suna kuma huda yatsa ba sani ba sabo, ga tsatsa, don haka safar hannu ba ado ba ce. A cikin kalmasar tsohuwar rigar za a tarar da waya ko sandar ƙarfe siririya, wani wurin igiya. A zare su a adana, saboda sabuwar riga kan zo da kalmasa fanko, ba waya a ciki. A rufe hanci kuma, don abin da zai zubo daga cikin kujerar ƙura ce ta shekaru, wani lokaci har da sheƙar ɓera.

Firam aikinsa a fili yake. A kankare tsatsa, a walda inda ya tsage, a maye haƙoran da suka karye, a shafa fenti. Sifirin ne ake yawan yi wa kallo ɗaya a wuce. A Kombi direba a kan tayar gaba yake zaune, kowane rami da taya ta faɗa kai tsaye yake isa ƙugunsa, sifirin ɗin kujera ne ke raba faɗan. Gefen da ke wajen ƙofa shi ya fi shan wuya, don ta nan ake hawa ana sauka, kuma nan ne za a fi samun karyayye ko wanda ya kwanta. A ɗora firam a shimfiɗaɗɗen daɓe a dube shi daga gaba. In gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, babu rigar da za ta ɓoye hakan.

Sai shimfiɗa, inda ra'ayi ya rabu. Abin da masana'anta ta sa a kan sifirin shi ne zaren ɓawon kwakwa da aka cuɗa da roba aka matse a mazubi ya ɗauki siffar kujera. Masu harkar kan ce masa gashin doki. Da tsufa robar kan bushe, zaren ya riƙa marmashewa, shi ne jan garin nan da ake sharewa a ƙarƙashin kujerar kowace tsohuwar Volkswagen. Idan ya zube, kujera ta rame ke nan, sabuwar riga kuma za ta yi mata yawa. Har yanzu ana ƙera irin wannan shimfiɗa, ana kuma ƙera ta soso da aka zuba a mazubi. A ganina ta kwakwa ta fi, musamman a ƙasa mai zafi, domin iska na ratsa ta, kuma tana ba da ainihin zaman da aka san motar da shi, mai ɗan tauri. Soson mazubi ba laifi in mai kyau ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yanko soson katifa a lafta. Sitiyarin Kombi kusan a kwance yake, kusa da cinyar direba. Ƙarin inci biyu a mazauni ya isa ya sa mutum mai jiki ya riƙa gogar sitiyari duk sa'ad da zai taka kuloci. Banda haka soso mai kauri kan matsa wa riga har ɗinki ya fara buɗe baki.

Tsarin jerin kuwa ba ya canzawa. A fara shimfiɗa algarara ko wani ƙyalle mai ƙarfi a kan sifirin, a ɗaure shi, don kada ƙarfe ya ci shimfiɗar. A ɗora ta kwakwa. A bi samanta da auduga ko soso siriri, wanda bai wuce kaurin yatsa ba, ya zagayo gefuna, don kada kaushin zaren ya fito a fuskar leda. Da 'yan zobban ƙarfe ake ɗaurewa, waɗanda ake matsewa da filaya ta musamman mai kwarmi a baki. Wasu kan yi amfani da igiyar roba mai zargewa, irin ta masu wayarin, amma zafin cikin mota kan busar da ita ta karye.

Yanzu ne za a taɓa sabuwar riga. Leda mai sanyi ba ta miƙuwa, yagewa take yi a bakin ɗinki. A Ingila sai sun jingina ta da abin ɗumama ɗaki ko sun bi ta da na'urar busar da gashi. A nan rana ta wadatar, har ma ta yi yawa. Hantsi ya isa, a shanya ta kamar minti ashirin har ta yi laushi a hannu. Ranar tsaka a watan Afrilu kan sa ta yi laushin da za a ja ta fiye da kima ba a sani ba. Da sanyin hunturu kuma kada a fara da asuba.

A sa alli a tsakiyar firam gaba da baya, a sa a tsakiyar riga ta ciki, alamomin su haɗu. A juya rigar mazauni ciki waje, a ɗora fuskarta a kan shimfiɗa, sannan a riƙa naɗo gefunan ƙasa kusurwa bayan kusurwa, hannu ɗaya na ciki yana riƙe da ɗinki. Leɓen ɗinkin da ke ciki ya kwanta ta fuska ɗaya, wajen gefe, in ba haka ba layin zai fito yana tafiyar maciji. Daga nan a kifa kujerar a kan tabarma mai tsabta.

Wannan gaɓar ce ke raba gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo kan kama leda da filaya ya ja da ƙarfinsa har ta kai haƙori. Gwani ba ya jan riga, kujerar yake matsewa. Wani ya sa gwiwa ko tafin hannu ya danne firam, sifirin ya kwanta, sai gefen riga ya iso haƙori da kansa. Idan aka saki, sifirin ya miƙe, shi zai ɗame rigar daidai ta ko'ina. A fara da haƙorin tsakiya na gaba, sai na tsakiya na baya, sai na gefuna, ana tsallakawa daga wannan ɓangare zuwa wancan. Kusurwoyi su ne na ƙarshe. Haƙori ya huda ta bayan wayar da ke cikin kalmasa, yadda ƙarfe ne zai ɗauki nauyin, ba leda ba. Kada a lanƙwasa haƙoran gaba ɗaya sai an juyo kujerar an duba. Idan rigar mai igiya ce, a ja igiyar sannu a hankali kujera na danne, don fizga ɗaya kan tsaga kalmasar.

Majingina ta fi gardama, saboda rigarta kamar jaka take, ta sama ake zura ta. Dabarar da aka sani ita ce a lulluɓe kan shimfiɗar da siririyar leda irin ta masu wanki da guga, rigar ta sulale a kai ba tare da ta tattaro audugar ba. A naɗe rigar zuwa rabi, a zaunar da kafaɗun sosai, sannan a sauko da ita kaɗan-kaɗan, dama da hagu. In kafaɗa ba ta cika ba tun a sama, ja daga ƙasa ba zai cika ta ba, sai dai a cire a ƙara auduga.

Motocin zango na kamfanin Westfalia, masu gado da kicin a ciki, da yawansu a shekarun 1970 yadi mai gidan dara aka sa musu, kore ko ruwan lemo. Shi wannan ba ya yafiya. Zafi ba ya miƙa shi kamar leda, kuma karkatar rabin inci layukan za su tona ta daga bakin ƙofa. Da tururi ake lallashinsa, kuma alamar tsakiya a nan wajibi ce.

Sabuwar riga ba ta zuwa da hudar maɓallin kwantar da majingina ko ta ƙusoshin noti. Da gangan aka bar su. Sai komai ya zauna, an tabbatar ba sauran gyara, sannan a laluba da yatsa a gano wurin, a yi 'yar tsaga ƙarama wadda ba ta kai girman abin da zai fito ba, a bar ledar ta buɗe da kanta. Hudar da aka yi tun riga ba ta ɗame ba, in aka gama za a tarar ta gusa.

'Yan tamojin da suka rage daga naɗin kwali kan baje da kansu bayan motar ta kwana biyu tana shan ɗumi, ana kuma zama a kai. Wanda ya ƙi bajewa a bi shi da na'urar busar da gashi daga nesa, hannu na yawo, don zafi mai yawa a wuri ɗaya kan goge zanen ledar ya bar tabo mai sheƙi da ba ya gyaruwa. Tamojin da ya taso daga kusurwa ya miƙe a karkace kuwa ba na kwali ba ne. Alama ce shimfiɗa ta gaza a wurin, ko an fi jan gefe ɗaya, kuma maganinsa a ɗaga haƙoran wannan ɓangaren a sake.