Zuma a Kan Nama: Girkin Mutum Ɗaya Cikin Rubu'in Sa'a

A ƙasar Amurka, inda ƙidayar jama'a ta 2020 ta nuna cewa fiye da gida ɗaya cikin kowane huɗu mutum guda tak ne ke kwana yana tashi a cikinsa, alhali kuwa a 1940 irin waɗannan gidaje ba su kai kashi 8 cikin 100 ba, ba abin al'ajabi ba ne a tarar mutanen ƙasar sun daɗe suna neman dabarun girkin da ba ya bukatar babbar tukunya, ba ya kuma tsare mutum a gindin murhu har dare ya yi nisa. Daga cikin abin da suke dogara da shi in an taso daga aiki a gajiye akwai wani faffaɗan yanki na naman cinya, wanda kaurinsa bai wuce na ɗan yatsa ba, da ɗan zagayayyen ƙashi a tsakiyarsa, wanda ake ɗorawa a kaskon suya, a juya shi sau ɗaya ko biyu, sa'an nan a zuba masa zuma ko jan sukari har ya ɗauki sheƙi, a sauke, duk a cikin abin da bai wuce rubu'in sa'a ba.

Naman nan kuwa, kada a yi wa mai karatu rufa-rufa, na alade ne, wanda suke kira ham, kuma haramcinsa ga Musulmi mas'ala ce da babu saɓani a cikinta tsakanin fuƙaha'u, domin nassi ya zo da shi a sarari a wurare huɗu na Alƙur'ani mai girma: a Baƙara, da Ma'ida, da An'am, da Nahli. Saboda haka ba mu kawo zancensa don mu kwaɗaita wa kowa shi ba. Amma wanda ya lura zai ga cewa surar Nahli ɗin nan, wadda ta ambaci haramcin, ita ce kuma ta yabi zuma ta ce akwai waraka a cikinta ga mutane. Hukuncin yana kan naman ne, bai taɓa zumar ba, bai taɓa wutar ba, bai kuma taɓa hikimar da ke cikin haɗa gishiri da zaƙi da tsami a kasko ɗaya ba. Wannan hikima ita ce abin nemanmu, kuma tana aiki a kan naman sa da na rago kamar yadda take aiki a kan abin da su suke ci.

Abin da ya sa girkin yake musu sauri shi ne, an gama rabin aikin tun kafin naman ya bar kanti. Cinyar an riga an jiƙa ta cikin ruwan gishiri da sukari da wani sinadarin adana nama, galibi an turara ta da hayaƙi, an kuma dafa ta, don haka mai girki ɗumamawa kawai yake yi da gyaran fuska. Asalin al'adar kuwa ta biki ce. A lokacin bikin Ista na Kiristoci iyali kan gasa cinya sukutum, a tsattsaga bayanta, a soka mata kanumfari, a shafe ta da sukari, har wani mutumin birnin Ditroit mai suna Harry Hoenselaar ya buɗe kanti a 1957 wanda bai da sana'ar da ta wuce sayar da irin wannan cinya mai zuma, kuma kamfanin nasa, HoneyBaked Ham, yana nan har yau. Yankin da muke magana a kansa ƙaramin rabo ne daga wannan babban biki, wanda aka yanko wa wanda ba shi da mutum goma da zai tara a kan tebur. Ingilawa sukan ɗora wa nasu yankin abarba ko soyayyen ƙwai, mutanen kudancin Amurka ɗin kuwa sukan zuba baƙin kofi a kaskon bayan an cire naman su yi romo da shi.

Kada kuma a zaci haɗa nama da zaƙi bidi'ar Turawa ce. Tun zamanin daular Abbasiyya, a littafin girki na Ibn Sayyar al-Warraƙ, wanda aka wallafa a Bagadaza a ƙarni na goma na Miladiyya, akwai abincin da ake kira sikbaj, wato nama da aka dafa da khalli, ruwan tsamin nan da ake kira binega, aka kuma sassauta tsaminsa da zuma ko wani abin zaƙi, abinci ne da halifofi suke alfahari da shi. Mutanen Maroko har gobe suna yin muruziyya da naman layya, da zuma da zabibi da lauz, kuma asalin yinta domin naman ya daɗe bai lalace ba ne a zamanin da babu firji. Ashe in Bahaushe ya zuba zuma a kan tsokar rago, ba kwaikwayon kowa yake yi ba face magabatansa a addini.

To, mene ne sirrin abin? Abu biyu ne ke aukuwa a cikin kaskon, kuma wanda ya rarrabe su ba zai ƙona abincinsa ba. Na farko shi ne jan da nama yake yi in ya haɗu da ƙarfe mai zafi, wanda wani likita Bafaranshe mai suna Louis-Camille Maillard ya fara bayyana dalilinsa a 1912: sinadaran gina jiki da ke cikin tsoka suna haɗuwa da ɗan sukarin da ke tare da su, sai su haifar da launi da ƙamshin da babu su a cikin ɗanyen nama, ƙamshin nan da ke tsayar da mai wucewa a gaban tukubar mai tsire. Wannan ba ya kankama sosai sai zafi ya kai wajen digiri 140, ruwa kuwa ba ya wuce digiri 100 komai tafasarsa. Ke nan muddin fuskar naman tana jiƙe, dahuwa take yi ba suya ba, kuma za ta fito fari fat, ba launi ba ƙamshi. Na biyu shi ne narkewar sukari da juyewarsa ja, kamar yadda mai alewa ya sani. Farin sukari yana fara wannan juyi a wajen digiri 160, amma zuma, wadda mafi yawan zaƙinta irin sukarin 'ya'yan itace ne, tana farawa tun a wajen digiri 110, kuma tsakanin janta mai daɗi da baƙinta mai ɗaci babu tazarar da ta wuce ta 'yan daƙiƙoƙi. Daga nan ƙa'idar girkin duka ta fito: nama yana son wuta mai ƙarfi, zuma tana son wuta mai sanyi, don haka ba a haɗa su tun da fari. Nama ne ke shiga a gaba, zuma a ƙarshe, bayan an rage wuta. Mafi yawan waɗanda suka gwada suka ce abin ba daɗi, a nan suka yi tuntuɓe, domin sun shafe ɗanyen nama da zuma suka jefa a mai, sai waje ya ƙone ciki bai nuna ba.

Sai dai akwai bambancin da wajibi ne a kiyaye. Naman Amurkawan dafaffe ne mai laushi, namu kuwa na kasuwa ɗanye ne, yankan safiyar ranar, kuma sau da yawa daga dabbar da ta sha tafiyar kiwo har tsokarta ta yi tauri. Don haka aikin yana farawa ne a gaban teburin mahauci. A ce masa, "Malam, tsokar gadon baya nake so, marar jijiya, a yanka mini ita faffaɗa," domin tsokar da ke kwance a gefen ƙashin baya ita ce mafi ƙarancin wahala a jikin dabba, saboda haka ta fi laushi. Giram 200 ya ishi mutum ɗaya. In ba a samu ba aka koma ga cinya, to a lura da yadda zaren tsokar ya miƙe a yanka shi a gicciye, sa'an nan a shimfiɗa yankin a kan katako a bubbuga shi da bayan wuƙa ko gindin kwalba har kaurinsa ya dawo kamar santimita ɗaya, ko'ina daidai. Wanda ke da bishiyar gwanda kusa yana iya murje ganyenta ya naɗe naman a ciki na ɗan lokaci, gama ƙaron gwanda yana tausasa tsoka, amma in aka bar shi ya daɗe sai naman ya yi laɓo-laɓo.

A barbaɗa gishiri da dakakken masoro a fuska biyu, a ajiye, a juya ga haɗin zumar: babban cokali ɗaya na zuma, biyu na ruwan tsamiya da aka jiƙa aka tace, ɗan garin citta, ƙwayar kanumfari ɗaya dakakkiya, da barkono gwargwadon abin da harshe zai ɗauka. Amurkawa mustad da khallin tuffa suke sawa domin tsami. A ganina tsamiya ta fi su dacewa da naman rago, kuma in babu ita rabin lemun tsami ya wadatar. Wanda zuma ta yi masa tsada, ko yake shakkar ta kasuwa saboda yawan algus, ya kankaro mazarƙwaila, irin wadda ake yi da rake a ƙasar Maƙarfi, domin ita ce mafi kusa da jan sukarin da Amurkawa ke amfani da shi, har ma ta fi shi ƙamshi. Tsamin nan ba ado ba ne. In babu shi, zaƙin zai gundure mutum tun a loma ta uku.

Yanzu a ɗora kasko mai kauri a wuta, ko risho ne ko gas ko gawayi, a bar shi ya yi zafi sosai kafin a zuba cokali ɗaya na man gyaɗa. A goge fuskar naman da tsumma mai tsabta har ta bushe, a kwantar da shi. In bai yi ƙara nan take ba, kaskon bai yi zafi ba. Daga nan sai haƙuri, wanda shi ne mafi wuyar sharuɗɗan girkin: kada a taɓa shi, kada a danna shi da cokali, kada a ɗaga a leƙa, har minti biyu zuwa uku su wuce. Da farko zai manne wa ƙarfen, amma da zarar fuskarsa ta yi ja zai saki da kansa, a lokacin ne ake juyawa a ba ɗaya gefen irin wannan haƙƙi. Sai a cire shi a faranti, a rage wuta ƙwarai, wanda ke kan gawayi kuwa ya sauke kaskon ƙasa na ɗan lokaci, a juye haɗin zumar a ciki, a kankare jan abin da ya manne a gindin kasko da cokalin katako, domin rabin daɗin yana wurin. Idon mai girki ya tsaya a kan kumfar. Da fari ƙanana ne masu gaggawa, sa'an nan su zama manya masu nauyi suna fashewa a hankali, kuma in aka ja cokali a tsakiyar kaskon sai a ga hanyar ta tsaya ba ta rufe nan da nan ba. Wannan ita ce alamar. A mayar da naman tare da ruwan da ya tsatso a farantin, a jujjuya shi har romon ya lulluɓe shi, minti ɗaya bai cika ba, a sauke. A bar shi ya huta minti uku kafin a sa wuƙa, in ba haka ba ruwansa zai malale a faranti a bar mutum da busasshiyar tsoka.

Abin da za a ci da shi ba ya bukatar dogon bayani: gurasa, ko dafaffen dankali, ko sauran shinkafar jiya, da yankakkiyar albasa da tumatir. A zuba ruwa a kaskon tun yana da ɗumi, gama sukarin da ya sandare ba ya fita da daɗin rai.

Saura kalma ga 'yan'uwanmu da karatu ko neman halali ya kai su ƙasashen Turai da Amurka. A kantunan can akwai irin wannan yanki da aka yi da cinyar talotalo, wanda kamfanin Jennie-O ya fara fitarwa a 1975, kuma sunan ham yana rubuce a jikinsa ko da yake babu alade a ciki. Amma rashin alade bai isa hujja ba, sai an duba shaidar yankan halal a jikin ledar, a kuma karanta abin da aka haɗa romon kwalba da shi, domin wasu suna zuba giya a ciki. Ko an sami na halal ɗin ma, bai kamata ya zama abincin kullum ba. Gishirinsa yana da yawa ainun, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar baligi kada ya kai giram 5 a yini, kuma a 2015 cibiyarta ta binciken ciwon daji da ke birnin Liyon ta sanya naman da aka sarrafa da gishiri da hayaƙi cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon dajin hanji. Ta wannan fuska mai sayen ɗanyen nama a kasuwar garinsu ya fi su riba, gama shi ke riƙe da mizanin gishirinsa. Mai ciwon sukari kuma ya nemi shawarar likitansa kafin ya mayar da zuma abokiyar girki.

Ɗalibin da ke ɗakin haya, da ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki ya bar iyali a gida, da ɗan bautar ƙasa a garin da bai san kowa ba, galibinsu sun sallama cikinsu ga taliyar leda da mai shayi, bisa zaton cewa hura wuta domin mutum ɗaya ɓata lokaci ne. Duk wanda ke cikin wannan hali, ranar da aljihu ya yi ɗan nauyi ya biya ta wurin mahauci, ya nemi tsamiya da cokalin zuma, ya gwada; in ya ɗora kasko bayan sallar magariba, zai ci ya wanke hannu kafin a kira isha'i.