Ƙauyen Da Panla Ke Fitowa

Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwannin Ikko ko Aba, ko Sabon Gari ta Kano, lalle ya ga busasshen kifin nan mai tauri kamar itace, wanda Yarbawa ke kira panla, Ibo kuma okporoko. Amma kaɗan ne suka san cewa daga can ƙuryar arewacin ƙasar Norwe yake zuwa, musamman daga tsibiran Lofoten. Ɗaya daga cikin ƙauyukan masuntan wurin shi ne Henningsvaer, mai mutane wajen 500.

Ƙauyen yana zaune ne bisa 'yan tsibirai na dutse, ba gona, ba kiwon kirki. Sai a 1983 aka haɗa shi da babban tsibiri da gada. Kafin nan komai sai ta jirgin ruwa. Daga wajen farkon Disamba zuwa farkon Janairu rana ba ta fitowa ko kaɗan, daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli kuwa ba ta faɗuwa. Duk da tsananin sanyi tekun ba ta daskarewa, saboda ruwan ɗumi da ke gangarowa daga kudu.

Kakar mutanen nan ita ce daga Janairu zuwa Afrilu, watau lokacin da wani babban kifi da suke kira skrei ke tasowa daga Tekun Barents don ya zubar da ƙwai a gaɓarsu. Masunta sukan fita da taru da ƙugiya tun da duhu. In an kawo kifi, sai a cire kai da kayan ciki, a ɗaure bibbiyu ta wutsiya, a rataya bisa dogayen rumfunan katako har wajen Yuni. Ba gishiri, ba hayaƙi, iska kaɗai ke aikin. Sanyi ya hana ƙuda da ruɓa, kifin kuma ya rasa kusan kashi 4 cikin 5 na nauyinsa. Daga nan sai gwanaye su tantance shi ta hanyar dubawa da sunsunawa. Mafi kyawu Italiya ake kai shi, kawuna da mai sauƙin kuɗi kuwa mafi yawa Nijeriya suke zuwa. Ba abin da ake zubarwa: hanta a yi man kifi, harshe kuma yara ne ke yankewa bayan an tashi makaranta, su sayar su sami na kashewa.

To, amma sana'ar tana cikin wani hali. Norwe da Rasha ne ke yanke yawan kifin da aka yarda a kama kowace shekara. Saboda ƙananan kifi sun ragu, abin da ya haura tan 880,000 a 2021 ya koma tan 340,000 a 2025. Mai ƙaramin jirgi shi ya fi jin jiki. Tun kafin haka ma masunta sun yi ta raguwa: a ƙarshen ƙarni na 19 sama da mutum 30,000 ke taruwa su a Lofoten, yanzu kuwa ko kashi ɗaya cikin goma ba su kai ba. Ɗakunan katako da baƙin masunta ke kwana dā sun zama masaukin 'yan yawon buɗe ido, waɗanda ke tururuwa ganin filin ƙwallon ƙauyen da teku ta kusa kewayewa.

A wajenmu kuma, a 2015 Babban Bankin Nijeriya ya sa kifi cikin kaya 41 da aka hana wa kuɗin musaya na gwamnati, ba a ɗage ba sai a 2023, shekarar da darajar Naira ta faɗi ƙwarai. Saboda haka in uwargida ta ji kuɗin kan panla ya tashi, ta sani ruwa ba ya tsami banza: kifi ya ragu a can, Naira ta raunana a nan, mai kamawa da mai ci duka suna ji a jikinsu.