Taurari Masu Sauya Haske: Binciken da Za Ka Iya Yi Daga Cikin Ɗaki



Duk wanda ya taso a ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa ya san yadda sama take cika da taurari idan dare ya raba. Ni a tsakar gida kakata ta nuna min Kaza da 'Ya'yanta. To yanzu wa zai zauna a fili da daddare? Tun bayan sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, ko malami ba zai ce yara su fito kallon sama ba.

Amma ga abin da ban sani ba sai da na gama jami'a: yawancin masu wannan bincike a yau ba sa leƙa sama. Rumbun bayanai suke buɗewa.

Akwai taurarin da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa. Arewa da Kaza akwai Algol, wanda ke dusashewa duk bayan kwana 2 da kusan awa 21, saboda wani tauraro da suke zagaye juna yana gittawa ta gabansa. Wasu kuma kumbura suke yi suna motsewa. A 1912 Henrietta Leavitt, a Harvard ta Amurka, ta gano cewa a cikin irin waɗannan, wanda ya fi daɗewa kafin ya kammala zagaye shi ya fi haske a zahiri. Idan ka san ainihin haskensa, ka gwada da yadda yake iso mana, ka samu nisansa ke nan. Kuma a kan hotunan gilashi ta yi aikin, tana zaune a tebur fa.

Yau tauraron ɗan'adam Gaia na Turai, a bayanan da aka saki a 2022, ya ba da taurari kusan biliyan 1.8, wajen miliyan 10 masu sauya haske ne. Kyauta suke. A shafin Zooniverse ma ana neman masu duba zanen hawa da saukar haske su ce wane iri ne, tunda kwamfuta tana kuskure.

Matsalarmu dai ita ce sabis. Lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumominmu a Satumbar 2021, ɗalibi ko shafi ɗaya ba zai iya buɗewa ba. Shi ya sa nake cewa duk ranar da ka samu data, sauke bayanan tauraro ɗaya ka ajiye a waya. Fara da Algol.