Alƙalai Biyu da Labaran Sarakuna

N'Djamena gari ne da yaƙi ya haifa. A 1900 aka kafa shi, bayan karon Kusuri na 22 ga Afrilu, inda mayaƙi Rabe da kwamandan Faransa Lamy suka faɗi rana guda. Sunan Lamy aka laƙaba wa garin har 1973. Na Rabe kuwa bakin mutane ne ya riƙe shi, kowa da irin nasa labarin: na jikan wanda aka kama bawa daban, na jikan wanda ya riƙe masa tuta daban.

A garin nan, lokacin yana Fort-Lamy, aka haifi Joseph Brahim Seid a 1927. Ya karanta shari'a a Faransa, ya wakilci Chadi a Paris, sannan ya riƙe ma'aikatar shari'a daga 1966 zuwa 1975, a mulkin Shugaba Tombalbaye. Amma abin da aka fi tuna shi da shi ɗan ƙaramin littafi ne na 1962, Au Tchad sous les étoiles, wanda ya tattara tatsuniyoyi da labaran sarakunan da, ciki har da na masarautar Wadai da Sarki Sabun.

Me ya kai masanin doka ga hirar dare? Sana'o'in biyu sun fi kusa da juna fiye da yadda ake zato. Alƙali da mai rubuta ƙagaggen labarin tarihi duk ba su ga abin da ya faru ba, shaidu suke saurara, kuma shaidun kan saɓa. Inda suka rabu shi ne iyaka. A kotu mai ƙara ya kawo shaida, wanda ya musa ya rantse, kuma inda hujja ta ƙare nan alƙali ke ajiye alƙalami. Marubuci daga nan nasa ke tashi. Tarihi ya tabbatar cewa Sabun ya buɗe wa ayari hanya ta Kufra zuwa Bingazi a farkon ƙarni na 19, amma bai ajiye abin da sarkin ya faɗa wa fadawansa a daren tashin ayarin farko ba. Wannan giɓin marubuci ke cikewa, kuma gwaninsa shi ne wanda bai taɓa abin da shaida ta tabbatar ba.

Hausawa ma suna da nasu. Malam Bello Kagara, yayan Abubakar Imam, ya shigar da littafinsa Ganɗoki gasar rubutu ta 1933 da Rupert East ya shirya. Farkon littafin yana tafe kafaɗa da kafaɗa da tarihi: Sarkin Sudan Ibrahim na Kwantagora, zuwan Turawa, da hijira zuwa gabas. Daga nan sai ya saki linzami, jarumin ya faɗa duniyar aljanu. Wasu na ganin haka rauni ne. Ana iya cewa gaskiya ce irin ta mai tsoron shaidar zur, domin babu mai karatun da zai rikita inda tarihi ya tsaya da inda ƙage ya soma.

Kagara ya koyar a Kwalejin Katsina, daga baya ya zama babban alƙali a hukumar gargajiya ta Katsina, ya rasu a 1971. Seid ya bar kujerarsa a shekarar juyin mulkin da ya kashe Tombalbaye, ya rasu a 1980, ya bar littattafai biyu. Na biyun, Un enfant du Tchad na 1967, kan ƙuruciyarsa ne.