Wa Ke Tambayar Masunci?

A shekarar 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, wajen Bebeji, zamanin Gwamna Audu Bako. An gina ta domin noman rani a Kadawa da ruwan sha na birnin Kano. Ta kawo alheri ƙwarai. Amma mai karatu, ka taɓa tunawa da masunci?

Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke buɗe ƙofofin ruwa, ta rufe. Manoman rani suna da ƙungiyoyi, ana jin kukansu. Masunci kuwa sai dai ya wayi gari ya tarar ruwa ya janye.

Abin ya fi tsanani inda kogin ya gangara, wajen Haɗejiya da Nguru. Ambaliyar damina, wadda kifi ke hayayyafa a cikinta, ta ragu, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Don haka ya kamata masunta su haɗa kai, su nemi wa Sarkin Ruwa kujera inda ake shawarar rabon ruwa. Mu masu cin kifi kuma mu goya masu baya.