Mai Gwajin Kaki da Labulen Iskar da Ke Tsaronsa

Ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi ƙasar shiga da fita ce. Kogin Kwara ya ratsa ta, hanyar Tsamiya ta miƙe zuwa Segbana a Jamhuriyar Benin, kuma daga Illo, Lolo da Ka'oje mutane na ƙetarawa da shanu, da albasa, da shinkafa, da busasshen kifi, su dawo da sefa a aljihu. Hausawa, Fulani, Dandawa da Zabarmawa na cin kasuwa ɗaya, suna auratayya, suna zuwa jana'izar juna. Ko lokacin da gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, zumunci bai tsaya ba, tari ma bai tsaya ba. Jami'in kwastan na iya kwance bakin buhu ya ga abin da ke ciki, amma abin da fasinja ya ɗauko a ƙirjinsa sai an kai ga wani ma'aikaci daban, wanda ke zaune a ɗakin ƙarshe na asibiti, inda ba kowa ke son leƙawa ba.

Mutanen gari kan ce masa likita, abokan aikinsa su ce mai lab. Sana'ar hawa-hawa ce. Akwai wanda ya yi kwalejin kimiyyar lafiya irin ta Jega ya fito a matsayin mai taimakawa ko ƙwararren ma'aikacin gwaji, akwai kuma wanda ya yi digirin shekara 5, kamar wanda ake yi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ya ƙara shekara guda ta sanin makamar aiki. Dukkansu sai da lasisin hukumar MLSCN, wadda dokar 2003 ta kafa, kafin su taɓa jinin kowa. Mafi yawan yininsa na tafiya ne a kan zazzaɓin cizon sauro, da awon jinin masu ciki, da fitsari, da rukunin jinin wanda za a yi wa ƙari. Amma aikin da ke iya bin sa har gida ya kama iyalinsa shi ne na kaki, wato gwajin tarin fuka.

Tun wajen karɓa ake gane gwani. Ba ya barin majiyyaci ya yi tari a cikin ɗaki ko a banɗaki. Waje yake tura shi, inda iska ke kaɗawa, nesa da layin masu jira. Zai miƙa masa ɗan gwangwanin roba mai faɗin baki da murfin murɗawa, ya ce, "Baba, ba miyau nake so ba. Ka kurkure baki, ka ja numfashi sosai sau uku, ka tono shi daga ƙirji." In tsohon Bafulatani ne da Hausarsa ba ta nuna ba, sai a nemo ɗan rakiya ya fassara, ko ma'aikacin ya kwatanta da jikinsa. Idan gwangwanin ya dawo, kallo ɗaya ya ishe shi: ruwa-ruwa mai kumfa miyau ne, a sake, mai kauri, mai ɗan rawaya ko ɗigon jini, shi ake nema. A jikin gwangwanin yake rubuta lamba, ba a kan murfi ba, don murfi na iya musanyuwa.

Haɗarin ba a taɓawa yake ba, safar hannu ta ɗauke wannan. A shaƙa yake. Duk sanda aka buɗe murfi da ƙarfi, ko aka girgiza ruwa, ko aka busa digon ƙarshe daga bututun awo, ko aka juya kwalba a injin juyi, wasu ɗigo ƙanana na tashi waɗanda ido bai gani, hanci bai ji. Waɗanda ba su wuce maikiron 5 ba, wato kashi 5 cikin dubu na milimita, sukan daɗe suna yawo a ɗaki, kuma su ne ke isa can ƙarshen huhu. Wani masani Ba'amurke, Robert Pike, ya tattara labarin ma'aikatan ɗakin gwaji kusan 4,000 da suka kamu da cuta a bakin aiki, ya wallafa a 1976. Abin da ya fi tayar da hankali a lissafin shi ne waɗanda suka iya tuna wani hatsari, kamar sukar allura ko fashewar kwalba, ba su kai kashi 20 cikin ɗari ba. Sauran sun yi aikinsu lafiya lau, sun wanke hannu, sun tafi gida da cuta.

Mu a Arewa ba sai an ba mu labarin wata ƙasa ba. A 1969 aka fara gane zazzaɓin Lassa, daga garin Lassa na ƙasar Borno. Jinin da aka aika Jami'ar Yale ta Amurka ya kwantar da babban masani Jordi Casals, da kyar ya sha. Wani ma'aikacin wurin, Juan Roman, ya rasu a ƙarshen shekarar, alhali ba shi ke aiki da ƙwayar ba. Daga nan aka kwashe aikin zuwa ɗakin da ya fi tsaro a Atlanta. A farkon 1970 kuma likitar asibitin mishan na Jos, Jeanette Troup, ta yanke a hannu wajen binciken gawa, cutar ta tafi da ita. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Don irin wannan aka ƙera akwatin kariya, wanda masu aikin ke kira kabinet. A ido ba wani abu ba ne: akwatin ƙarfe mara tsatsa, tsayinsa ya ɗara mutum in an ɗora shi kan ƙafafunsa, da gilashi a gaba mai ɗagawa da saukewa, da ɗan gibi a ƙasa inda hannuwa ke shiga. Iri uku ne. Na farko iska kawai yake zuƙa daga wajen mai aiki ya tace ta ya fitar, ya tsare mutum amma bai tsare abin gwajin daga ƙurar ɗaki ba. Na uku rufaffe ne ruf, sai ta dogayen safofin roba da ke manne a jikinsa ake aiki, na cututtukan da suka fi kowanne kisa. Na biyu shi ne na yau da kullum, kuma shi ya fi hikima.

A cikinsa iska biyu ke aiki lokaci guda. Fanka na jawo iskar ɗaki ta gibin gaba, amma ba ta barin ta ta hau teburin aiki. Tana shigowa sai ta nutse cikin ƙananan ramukan da ke bakin teburin. Daga sama kuma wata iskar tatacciya na sauka a hankali, a miƙe, ta rabu biyu a kan teburin, rabi ya bi ramukan gaba, rabi na baya. Inda biyun suka haɗu a bakin gibin, nan ne labulen iska: abin ciki ba ya fita, na waje ba ya shiga. A samfurin A2, wanda ya fi yawa, kusan kashi 70 na iskar ake sake tacewa a maido ciki, kashi 30 a tace a fitar. Matacin, wanda ake kira HEPA, takarda ce ta zaren gilashi da aka nannaɗe ninki-ninki, tana kama aƙalla kashi 99.97 na ƙwayoyin da girmansu yake maikiron 0.3, kuma waɗanda suka fi haka girma ko ƙanƙanta ma sun fi sauƙin kamuwa. Tururin sinadari dai ba ruwansa da shi, wucewa yake.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ƙa'idar Amurka mai lamba 49, wadda aka fara fitarwa a 1976, ta ce iskar da ke shiga akwatin A2 kada ta gaza kimanin rabin mita a daƙiƙa. Mutum mai tafiyar ƙafa ta yau da kullum ya ninka wannan saurin fiye da sau biyu. Ke nan wanda ya wuce da sauri ta bayan mai aiki, ko ya banko ƙofa, ya isa ya yaga labulen. Shi ya sa rabin tsaron na hannun ma'aikaci. Gwani zai kunna akwatin ya bar shi minti biyar kafin ya fara. Zai goge teburin da sifirit mai ƙarfin kashi 70, in ya sa bilic ya bi da ruwa don kada ƙarfen ya ciwu. Zai jera duk kayan da yake buƙata tun farko, masu tsabta a gefe ɗaya, kwandon shara a ɗayan, don kada ya riƙa shiga da fita. Hannuwansa a miƙe suke shiga, a hankali, ya ɗan dakata iska ta daidaita. Ba ya ɗora gwiwar hannu ko takardar rajista a kan ramukan gaba, ba ya ɗaga gilashin ya wuce alamar da aka yi masa, kuma in ƙararrawa ta yi kuka ba ya danne ta ya ci gaba. Wuta kuwa haram ce a ciki: harshenta na hargitsa iskar, zafinta na iya ƙona matacin. Fitilar nan mai shuɗin haske da wasu ke dogaro da ita wajen kashe ƙwayoyin cuta, ni ban ba ta muhimmanci ba. Inda ƙura ta lulluɓe ta ko inuwa ta kare, ba ta yin komai, kuma tana lahanta ido.

Yanzu a kawo wannan akwatin ƙasar Kabi a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Abu na farko da kowa zai miƙa wa hannu shi ne makunnin fankar sama, ita ce kuwa babbar abokiyar gabar labulen. Taga a buɗe ma haka. Da hunturu, ƙurar da ke shiga ko'ina ta bi iskar ɗaki zuwa matacin, ta toshe shi tun kafin wa'adinsa. Sai kuma wuta. Da an ɗauke ta, fankar akwatin ta tsaya, kariya ta ƙare nan take, ko da gilashin na nan yana sheƙi. Ba abin yi sai a rufe kwalabe, a sauke gilashi, a jira. A nan ne gyare-gyaren da aka yi wa sababbin akwatuna ke da ma'ana a wurinmu fiye da a ƙasashen da suka ƙera su. Sabon injin fanka na cin wuta kaɗan ƙwarai a kan tsohon, har batir da sola na iya riƙe shi, kuma ba ya ƙara wa ɗaki zafi sosai. Yana jin lokacin da mataci ya fara cika, ya ƙara ƙarfi da kansa don saurin iska ya tsaya yadda yake. In an sauke gilashi ya rage gudu. A Turai wannan maganar kuɗin wuta ce. A nan maganar ko aikin zai yiwu ce.

Sai dai ba kowane ɗakin gwaji ke buƙatarsa ba, kuma sanin haka ma ilimi ne. Jagoran da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2012 kan gwajin tarin fuka ya raba aikin gida uku. Shafa kaki a gilashi a rina shi a duba jajayen ƙwayoyin a madubi, da gwajin na'urar GeneXpert, suna cikin mafi ƙarancin haɗari: ana iya yin su a kan teburi in iska na ratsa ɗakin tana wucewa daga bayan mai aiki zuwa waje. Na'urar, wadda hukumar ta amince da ita a ƙarshen 2010, tana zuwa da ruwan sinadarinta. A zuba kashi biyu a kan kashi ɗaya na kaki, a girgiza a rufe, a jira minti 15, mafi yawan ƙwayoyin sun mutu kafin a ɗiga a cikin ɗan kwanson gwaji. Cikin kamar awa biyu ta faɗi ko akwai cutar, da ko tana jin maganin rifamfisin. Akwatin na zama dole ne daga inda aka fara narkar da kaki da juya shi don shuka ƙwayar, balle inda ake buɗe kwalbar da ta tsiro, mai ɗauke da miliyoyi. Wannan aikin manyan ɗakuna ne, irin na cibiyar tarin fuka da kuturta ta Saye a Zariya. Haka ruwan ƙashin bayan da ake ɗiba lokacin sanƙarau, kamar wanda ya ɓarke a Gwandu, Jega da Aliero a 2025; ƙwayarsa in an shuka ta, ta sha kashe ma'aikatan da suka yi aiki da ita a fili. Rabon ma'aikacin kan iyaka a irin wannan shi ne ɗauri mai hawa uku, kwalba cikin kwalba cikin akwatin sanyi, da takarda cikakkiya, har da ƙauyen majiyyaci da wanda ya san shi, don maganin tarin fuka na wata shida ne, kuma wanda ya ji sauƙi a wata na biyu yana iya ƙetarawa Benin a neme shi a rasa.

A ganina, ɗaki mai tagogi biyu da iska ke ratsawa ya fi akwatin da ba a san lafiyarsa ba, domin mai taga ya san yana cikin haɗari, yana taka-tsantsan, mai mataccen akwati kuwa ya saki jiki. Mafi muni shi ne wani teburi mai kama da shi sak, wanda aka yi don haɗa magani cikin tsabta: shi iskarsa daga ciki take busowa zuwa fuskar mai aiki. Wanda ya buɗe kaki a nan ya hura wa kansa cutar da injin.

Wannan ya kawo mu ga sana'ar da ke bayan sana'ar, ta mai duba akwatin. Ƙa'ida ita ce a duba shi ranar da aka girka shi, da duk shekara, da duk sanda aka gusar da shi ko aka sauya mataci. Mai dubawa na zuwa da ma'aunin saurin iska, ya auna wuri-wuri a bakin gibin da ƙarƙashin matacin. Ya saki siririn hayaƙi ya bi gefen gilashin da shi, yana kallon ko wani zai kuɓuce waje. Ya hura ƙurar mai ta musamman ta bayan matacin, ya bi gabansa da na'ura layi-layi yana neman hujin da bai kai tsinin allura ba. In mataci ya mutu, ba a ciro shi haka nan. Sai an liƙe akwatin an turara shi da fomalin ko makamancinsa, galibi ya kwana, domin duk abin da ya kama tsawon shekaru yana nan a jikinsa. Masu wannan aikin ba su da yawa, kayan awonsu ma sai an riƙa daidaita su, matacin kuma daga waje ake shigo da shi, kowane samfuri da girmansa. Duk wanda zai sa hannu a karɓi kyautar akwati a asibitin da ke nesa da babban birni, ya fara tambayar wa zai biya kuɗin motar mai dubawa a shekara mai zuwa, da kuma ta bayanta.